Laka: hanyar da umarni ke bi daga kai zuwa ƙafa

Duk wanda ya ratsa birnin Maraɗi da safe, daga bakin babbar kasuwa zuwa tasha, da wuya ya rasa cin karo da ɗaya daga cikin mutanen nan uku. Na farko magidanci ne bisa keken guragu, yana murza shi da hannuwa masu ƙarfi, ƙafarsa guda ta tsotse ta koma kamar sillen kara. Na biyu dattijo ne mai dogara sanda, hannunsa na dama ya lanƙwashe ya manne da ƙirji, ƙafar dama ta sandare, yana janta yana zagayo da ita kafin ya taka. Na uku kuwa ba a ganinsa bisa titi, sai dai a ji labarinsa: saurayi ɗan kabu-kabu da ya faɗi da babur, yau wata shida yana kwance cikin ɗaki, daga cibiya zuwa ƙasa ba ya jin komi. Dukansu kalma ɗaya muke ba su, mu ce jiki ya shanye. Amma a wurin masana aikin likita hanya ce guda ta yanke a wurare uku dabam-dabam, kuma sanin inda ta yanke shi ke nuna abin da ya kamata a yi, da abin da bai kamata ba. Wannan hanya, ya ku masu karatu, ita ce za mu bi a wannan mako tun daga kai har tafin ƙafa.

Abin da mahauta suka riga mu sani

In mahauci ya sa gatari ya tsaga gadon bayan sa, za a ga wani farin abu mai taushi kwance cikin ramin ƙashi, kamar igiya. Ita ce laka. Bahaushe ya daɗe da gane muhimmancinta, shi ya sa in mutum ya yi lis, ba kuzari, sai a ce babu laka a jikinsa. A nan ma harshenmu ya fi Faransanci tsabta: su kalma ɗaya, moelle, suke ba laka da ɓargo, sai sun ƙara wata kalma a bayanta kafin a bambance, alhali kuwa abubuwa biyu ne da ba su haɗa aiki ba. Ɓargo yana cikin ƙashi yana ƙera jini. Laka kuwa ci-gaban ƙwaƙwalwa ce, ta fito ta wata kafa a gindin ƙoƙon kai ta gangara baya. Sai dai mu ma muna da namu ruɗanin, domin kalmar jijiya a bakinmu ta haɗa hanyar jini, da igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, da kuma zaren da ke ɗaukar saƙo. A cikin wannan rubutu, duk inda muka ce jijiya, ta ukun muke nufi.

Gadon bayan ɗan Adam ƙasusuwa 33 ne aka jera bisa juna: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu, 5 da suka haɗe suka zama ƙashi guda a tsakanin kwatangwalo, sai 4 ƙanana a can ƙarshe. Kowane yana da rami, ramukan suka haɗu suka zama bututu, laka na ciki, lulluɓe da tantani hawa uku da wani ruwa garai-garai da take iyo a ciki. Tsawonta ga baligi bai wuce santimita 45 ba, kaurinta kamar ƙaramin yatsa. Ba ta kai ƙarshen bututun ba: tana tsayawa wajen ƙashin ƙugu na farko ko na biyu, daga nan sai jijiyoyi su ci gaba da gangarawa a tattare kamar gashin wutsiyar doki, kuma sunan da likitoci suka ba su ke nan. Daga laka jijiyoyi 31 ke fita ta dama, 31 ta hagu, kowace da yankin jikin da take kula da shi. A wurare biyu laka ta ɗan yi kauri, a wuya inda jijiyoyin hannu ke fita, da can ƙasa inda na ƙafa ke fita.

In aka yanka ta a gicciye kamar yadda ake yanka rake, za a ga launi biyu. A tsakiya akwai wani abu toka-toka mai siffar malam-buɗe-littafi, da ƙahoni biyu a gaba, biyu a baya. Nan ne mazaunin ƙwayoyin jijiya. Ƙahonin baya su ke karɓar labarin da ke shigowa daga fata, na zafi da sanyi da taɓawa. Ƙahonin gaba su ke ba tsoka umarni. Kewaye da su kuma farin abu ne, wanda ba komi ba ne face zarurruka masu ɗimbin yawa, wasu na hawa da labari zuwa ƙwaƙwalwa, wasu na sauka da umarni.

Manzo da mai gari

Domin a fahimci yadda umarni ke sauka, mu ɗauki misalin da kowane Bagobiri ya sani. In Sarkin Gobir na Tsibiri yana son wani ƙauye ya fito aikin gayya, ba ya zuwa da kansa ya ƙwanƙwasa ƙofar kowane talaka. Manzo yake tashi, manzo ya isar ga mai gari, mai gari ya tara mutanensa. Haka motsin jiki yake, zango biyu ne.

Zango na farko yana farawa a ɓawon ƙwaƙwalwa, a wani yanki mai kama da ɗamara da ya gangaro daga tsakar kai zuwa wajen kunne. A 1870, a birnin Balin na Jamus, Gustav Fritsch da Eduard Hitzig suka taɓa wannan wuri da ƴar wutar lantarki a kan karnuka, suka ga gaɓoɓin ɗaya ɓarin jikin sun motsa. A 1937 kuma Wilder Penfield, likitan fiɗar ƙwaƙwalwa a Kanada, ya bayyana taswirar wurin a jikin mutum: ƙafa na can sama, hannu na tsakiya, fuska da harshe na ƙasa, kuma hannu da baki sun cinye fili fiye da gangar jiki duka. Wanda ya ga yatsun ɗan dukawa ko na mai ɗinkin hula suna aiki ba zai yi mamakin wannan rabo ba. Daga kowane ɓari na ƙwaƙwalwa zarurruka kimanin miliyan 1 ke tashi, su matse cikin wata ƴar ƙunƙuntar mashiga a tsakiyar ƙwaƙwalwa, su ratsa gindinta, su shiga laka. Su ne manzanni.

Zango na biyu yana farawa a ƙahon gaba na laka. Ƙwayar da ke zaune nan ita ce mai gari: ita ke karɓar saƙon manzo, ta aika nata zaren ya fita daga gadon baya, ya bi cikin jijiya har ya isa tsoka. Zaren da ke zuwa yatsan ƙafa yakan kai kusan mita guda, saƙo kuma na gudu a cikinsa fiye da mita 50 a daƙiƙa ɗaya. Babu wani umarni, ko daga ina ya fito, da zai kai ga tsoka ba tare da ya bi ta hannun wannan ƙwaya ba.

To, in an tare manzo a hanya, mai gari na nan da ransa, sai dai ba mai tsawata masa. Sai ya riƙa yin gaban kansa: tsoka ta ɗaure, gaɓa ta sandare, in likita ya bugi gwiwa da ɗan gudumarsa ƙafa ta yi tsalle fiye da kima. Amma in mai garin ne ya mutu, gari watsewa yake: gaɓa ta yi laƙwas, ba ta amsa guduma, cikin ƴan watanni tsoka ta tsotse. Wannan bambanci, tsakanin gaɓa mai sandarewa da gaɓa mai laƙwas, shi ne abin da likita ke fara nema. Akwai ma wata alama da Joseph Babinski ya bayyana a Paris a 1896: in aka karci tafin ƙafar lafiyayyen baligi, yatsu lanƙwashewa suke ƙasa, in hanyar manzo ta lalace, babban yatsa sama yake tashi. Ga jariri kuwa tashin yatsan ba cuta ba ne, hanyar ce ba ta gama nuna ba.

Gicciye a ƙeya

Mu koma ga dattijonmu mai sanda. Ɓarinsa na dama ne ya shanye, amma ciwon na ɓarin hagu na kansa. Dalili kuwa shi ne, a daidai ƙeya, inda ƙwaƙwalwa ke miƙa wa laka hannu, zarurrukan nan suna taruwa su yi tudu biyu masu siffar dalar gyaɗa, shi ya sa a Faransanci ake kiran hanyar faisceau pyramidal. A gindin tudun, kusan kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na zarurrukan suna ƙetarawa, na hagu su koma dama, na dama su koma hagu, sannan su gangara ta gefen laka. Su ke tafiyar da hannu da ƙafa, musamman aikin yatsu. Ragowar suna sauka ta gaba ba tare da sun ƙetara a nan ba, suna kula da tsokokin wuya da na gangar jiki.

Saboda haka in hanyar jini ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwar hagu, abin da hawan jini ke yawan jawowa, dama ce ke faɗuwa. Sau da yawa magana kan tafi tare da ita, domin ga akasarin mutane cibiyar magana na hagu, kamar yadda Paul Broca ya nuna a shekarun 1860. Baki ya karkace, hannu ya kasa ɗaguwa, harshe ya yi nauyi: wanda ya ga haka ga ɗan uwansa, kada ya ce bari a ga abin da gobe za ta yi. A nufi gidan likita a lokacin, domin kowace sa'a da ta wuce wasu ƙwayoyi ne ke mutuwa.

Ayyukan da ba a neman izninmu

Ba hanyar dala kaɗai ke sauka cikin laka ba. Dubi mace ta ɗauko tulu bisa kai daga rijiya, goyo a baya, tana tafe cikin rairayi tana hira. Ba ta tunanin wace tsoka za ta ɗaure domin kada ta faɗi. Wasu hanyoyi ne da ke tasowa daga gindin ƙwaƙwalwa ke wannan aiki: ɗaya na karɓar labari daga cikin kunne, inda ma'aunin daidaiton jiki yake, ta miƙar da baya da ƙafafu, wata na daidaita ɗaurin tsoka da takun tafiya, wata na juya wuya wajen ƙara ko walƙiya tun mutum bai yi shawara ba.

Laka kanta tana da hukuncin da take yankewa ba ta jira kai ba. Muna lise, malamin ilimin halittu ya zana mana kwaɗo bisa allo, wanda aka lalata ƙwaƙwalwarsa aka bar masa laka, ya ce in aka tsoma ƙafarsa cikin ruwa mai yaƙi zai janye ta. Muka yi ta musu, har wani daga bayan aji ya tuna mana kazar da aka yanka take ta fuffuka a tsakar gida. Haka wanda ya taka ƙaya ko garwashi yake ɗage ƙafa kafin ya san abin da ya taka: labari ya shiga ta ƙahon baya, ya tsallaka ƙahon gaba, umarni ya fita, sannan ƙwaƙwalwa ta samu rahoto.

Shan inna

Yanzu ga mai keke. A ƙasar Maraɗi da Gobir sunan Inna ba baƙo ba ne: a fadar Tsibiri sarauta ce ta mata mai daraja, wadda a al'adance ke shugabantar ƴan bori, kamar yadda Iya take a fadar Maraɗi, a cikin bori kuma sunan wata iska ce da aka yi imani tana shanye gaɓar yaro. Daga wannan iska cutar ta samo sunanta. Kakanninmu ba su da madubin likita, amma idonsu bai yi kuskure ba wajen alama: ƙafa ce da ta yi laƙwas ta tsotse kamar an zuƙe ta. A 1870 Jean-Martin Charcot da Alix Joffroy suka nuna inda ɓarnar take, wato ƙahon gaba na laka. Ƙwayar cuta ce da ke fita cikin bayan gida, ta shiga bakin wani yaro ta ruwa ko abinci ko hannu marar tsabta. Akasarin yaran da ta shiga ba sa nuna komi, ko su yi ɗan zazzaɓi ya wuce. Amma a cikin kowane 200, kusan ɗaya takan kai ga lakarsa ta kashe masu garin. Shi ya sa gurgun shan inna yana jin taɓawa, yana jin zafi, hankalinsa garau. Motsi kaɗai ya rasa. Ƙwayar da ta mutu kuwa ba ta dawowa, babu allura, babu turare, babu rubutun da zai maido ta.

A 1988, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙasashe suka ɗaura aniyar kawar da cutar, tana gurgunta yara kimanin 350,000 a shekara cikin ƙasashe 125. A 2003 jita-jita ta sa aka dakatar da ɗigon rigakafi a Kano da wasu jihohin arewacin Nijeriya, Kano ba ta koma ba sai a Yulin 2004. A shekarar 2003 an ƙidaya yara 355 da cutar ta kama a Nijeriya, 40 a Nijar. Tsakanin Maraɗi da Katsina bai kai kilomita 100 ba, dangi ɗaya ne, kasuwa ɗaya, ƙwayar cuta kuwa ba ta tsayawa a duwan. A 2006 aka cire Nijar daga jerin ƙasashen da cutar ta yi wa kaka-gida, ranar 25 ga Agusta 2020 kuma aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar ta daji. Sai dai a inda yara da yawa ba su samu ɗigon ba, raunanniyar ƙwayar da ke cikin maganin kan daɗe tana yawo har ta sake yin ƙarfi, kuma an ga haka a Nijar tun daga 2018. Maganin wannan ma rigakafin ne, a yi wa kowa. Duk yaron da bai kai shekara 15 ba, ƙafarsa ko hannunsa ya yi laƙwas farat ɗaya, a kai shi gidan likita cikin kwana 14 na farko, domin a lokacin ne ake iya gano ƙwayar cikin bayan gidansa.

Hannun mai taimako

Saura saurayinmu na kabu-kabu. In ƙashin baya ya karye ya danne laka, duk abin da ke ƙasa da wurin ya yanke da kai: motsi, da ji, da riƙon fitsari da bayan gida. In a bayan ƙirji ne, ƙafafu biyu ke tafiya. In a wuya ne, har da hannuwa. In kuwa can sama ne, numfashi kansa na cikin haɗari, domin jijiyar da ke motsa shamakin da ke tsakanin ƙirji da ciki daga gaɓa ta 3 zuwa ta 5 ta lakar wuya take fita. A kwanakin farko gaɓoɓin kan yi laƙwas, daga baya su sandare. Tun kimanin shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa wani littafin likitancin Masar ya siffanta mai gocewar ƙashin wuya da ya rasa hannuwa da ƙafafu, har yau kuma babu likitan da ya iya ɗinke laka in ta tsinke.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, sau da yawa ƙashi kan karye laka ba ta riga ta tsinke ba. Na taɓa tsayawa wurin wani haɗari a bakin gari: mutanen kirki suka rugo, wani ya kama hannuwa, wani ƙafafu, kai na reto, aka naɗe yaron aka cusa shi bayan mota a zaune. Kowa da kyakkyawar niyya, amma garin neman gira akan rasa ido. Wanda ya faɗi daga babur, ko daga bisa gawo, ko cikin rijiya, yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafarsa, kada a zaunar da shi, kada a ja shi, kada a ba shi ruwa. Mutum ɗaya ya riƙe kansa da hannu biyu daidai da gangar jiki. A kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. In babu hali, a samo ƙyaure ko faffaɗan katako, mutum huɗu su ɗaga shi lokaci guda, a miƙe kamar gungume. Masu ɗori sun iya karayar hannu da ƙafa, amma gadon baya ba wurin murzawa ba ne. Wanda ya riga ya kwanta kuma, a riƙa juya shi kowace sa'a 2 domin gudun gyambon kwanciya, a riƙa motsa masa gaɓoɓi kullum.

Akwai masu zuwa a hankali. Tarin fuka kan ci ƙashin baya har doro ya fito ya danne laka, kuma yana jin magani in an fara da wuri. Masu aiki cikin ruwan magudanai, irin na filin noman rani na Jiratawa, su san cewa ƙwan tsargiya, ko da yake ba kasafai ba, kan maƙale a ƙasan laka. Kuturta, wadda asibitin Danja da ke kudu da Maraɗi ya daɗe yana jinya, jijiyoyin hannu da ƙafa take ci bayan sun fita daga laka. Allurar da wanda bai iya ba ya soka a tsakiyar ɗuwawun yaro tana iya samun babbar jijiyar ƙafa, ƙafar ta riƙa faɗuwa. Ɗiban ruwan baya kuwa, wanda iyaye da yawa ke gudu tun annobar sanƙarau ta 1995 da 1996, ana yin sa ne tsakanin ƙashin ƙugu na 3 da na 4, ko na 4 da na 5, ƙasa da inda laka ta ƙare.

Mutum uku muka fara da su. Na farko ɗigo biyu a baki, in aka maimaita, da sun tsare masa ƙafa. Na biyu awon jini a kai a kai da shan magani ba fashi. Na uku tuƙi da hankali, da ƙyaure guda a hannun waɗanda suka ɗauke shi. Duk cikinsu babu abin da ya fi ƙarfin talaka. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kiyashe mu da aikin da-na-sani. Sai mako mai zuwa.